Masu bindiga a Zamfara: me ya sa bakinmu ba ya zuwa ɗaya in an taɓo dokar makamai?

Ɗan Maharba, Talata Mafara:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana doka ce da kuma manyanmu na harkar farauta.

Duk sanda aka ce za a ƙara tsaurara dokar bindiga, sai ka ga masu bindigar sun dare gida-gida. Mai bindigar toka ya ce ba da shi ake ba, tasa ta gado ce, ko kakansa bai taɓa yankar mata takarda ba. Mai bindiga mai baki biyu da ke riƙe da lasisi ya ce gara a tsaurara, ko a daina haɗa shi da 'yan sa-kai. Ɗan banga ya ce shi aikin hukuma yake taya ta. Mafi yawa kuwa ko uffan. A kira taron ƙungiya kan maganar, tabarmi sun fi mutane yawa, amma a ce gobe akwai fita daji, tun kafin kiran assalatu fili ya cika.

Shin doka ce ta raba mu ko mu muka raba kanmu? Wanda lasisinsa ya ƙare, alhali an ce an rufe bayarwa, ina matsayinsa? Kuma in ana son a ji ta bakinmu kafin a yi sabuwar doka, ta ina ake farawa?

Barista na Gusau:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Doka ce ta fara raba ku, sannan ku kuka ɗora.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi aji uku, kowane aji da mai ba da izininsa. Aji na farko su ne haramtattu: mashinga, gurneti, bindigogin soja masu cin harsashi irin 7.62mm da .303, da duk wani fistol ko libarba. Sashe na 3 ya ce waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma in an kama mutum da ɗaya babu shi, sashe na 27 ya yanka masa shekara 10 mafi ƙaranci. Aji na biyu ya ƙunshi bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da raifil na farauta, da bindigar iska. Lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake, hukuncin rashinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Aji na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato su toka da harba-ka-ruga. Nan dokar ta ba Kwamishinan 'yan sandan jiha ikon ya fitar da umarnin cewa sai da lasisi, kuma hukuncin saɓawa tarar naira 1,000 ce ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun.

To ka ga mutum uku, kowa da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa, kowa da girman barazanar da ke kansa. Da wuya su ji zafi iri ɗaya.

Akwai wuri biyu da mutane ke faɗawa rami saboda sun ɗauka suna tudun mun-tsira.

Na farko, bindigar nan da ake ja wa hannun gaba ta ɗura kanta, wadda ake kira fam-akshin. Jadawalin dokar ya cire daga aji na biyu duk bindigar harbin tsuntsu mai sarrafa kanta ko mai wata na'urar sake ɗuri. Abin da kuma bai shiga aji na biyu ko na uku ba, ya koma aji na farko ke nan. Shi ya sa a watan Fabrairun 2018, da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai, har da fam-akshin a lissafin, duk da mutane da yawa na riƙe da takardun da 'yan sandan ne da kansu suka ba su a baya. Masu baki biyu suka yi gum a lokacin, tunda ba tasu aka kira ba. Shekara guda bayan haka, a watan Mayun 2019, rahotanni suka bazu cewa Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin soke lasisin bindigogi daga 1 ga Yuni, har Majalisar Wakilai ta nemi ya janye. Ranar nan mai baki biyu ya gane gemun ɗan'uwansa ne ya fara kamawa da wuta.

Na biyu, mai toka da ke jin tarar naira 1,000 ce iyakarsa. Akwai wata doka ta daban, ta fashi da makami, wadda sashenta na 3 ya ce duk wanda ya riƙe bindiga ta hanyar da ta saɓa wa Dokar Makamai, tarar naira 20,000 ce ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka. Fassarar bindiga a cikinta ta haɗa har da irin su toka, mai ƙyastu da mai hula. Mai gabatar da ƙara shi ke zaɓen wadda zai tuhume ka da ita, ba kai ba.

Sai maganar gwamna. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi don kare kai, ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, jimilla 9,500 ke nan. Kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Ayuba Elkanah, ya ce takunkumin ba da lasisi na nan bai ɗagu ba, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A shari'ance suna da hujja: makamai da harsasai da abubuwan fashewa su ne abu na 2 a jerin da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya kaɗai. Fom ɗin masarauta ba lasisi ba ne, katin ƙungiya ba lasisi ba ne, wasiƙar uban ƙasa ma haka. Haƙƙin kare kai da ke sashe na 59 da na 60 na kundin hukunta laifuka, wato Final Kod (Penal Code), gaskiya ne, amma yana wanke ka ne daga laifin bugun wanda ya kawo maka hari. Bai wanke ka daga tambayar ina takardar abin da ka buge shi da shi ba. Tuhuma biyu ce daban.

Tsohon Sufeto:

Barista ya gama da doka, bari in ɗauki tambaya ta biyu.

A watan Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake nanata cewa an dakatar da ba da lasisi. Saboda haka duk wanda ya zo maka da sabon littafin lasisi yana cewa kawo kaza in yanko maka, ka riƙe kuɗinka. Takardar jabu ta fi rashin takarda muni, don ta ƙara maka laifi na biyu.

Mai tsohon lasisi, ga abin da ya kamata ya yi. Lasisi shekara-shekara ake sabunta shi. Kafin ya ƙare, ka rubuta wasiƙar neman sabuntawa zuwa ga Kwamishina ta hannun sashen kula da makamai na hedikwatar jiha. Ka sa cikakken suna kamar yadda yake a littafin, lambar lasisi, ƙirar bindigar, faɗin bakinta, da lambar da ke jikin ƙarfen. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ka dawo da ita gida. Wannan kwafin ba ya maye gurbin lasisi, kada wani ya ruɗe ka, amma shi ne zai nuna wa alƙali cewa kai ka je, ƙofa ce ka tarar a rufe. Abin da doka ta tanada kai tsaye ga wanda lasisinsa ya mutu shi ne ya kai bindigar ma'ajiyar makamai ta gwamnati. Na san wannan da ɗaci ga mutumin da ke kwana a bakin daji, amma haka abin yake a rubuce.

In za ka ajiye, kada ka karɓi rasit ɗin da aka rubuta "bindiga ɗaya" kawai. A rubuta ƙira, lamba, adadin harsashi, sunan wanda ya karɓa da lambar aikinsa. Ka shafe ta da mai kafin ka miƙa, ka ɗauki hotonta ta ɓangaren lambar. Kuma ka riƙa leƙawa, don kayan da aka daɗe ba a waiwaya ba hukuma na da ikon rabuwa da su.

Abubuwan da suka fi jefa masu lasisi na gaskiya cikin matsala ba manya ba ne. Mutum ya ba ɗansa ko mai gadinsa bindiga ya kwana da ita a gona: lasisin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ɗan ya zama mai riƙe da makami ba izini, uban ya zama wanda ya miƙa. Ko a kai wa maƙeri ya sauya baki, lambar da ke littafi ta daina dacewa da ta ƙarfe. Gyaran bindiga kansa sai mai izini. Ko a yanke bakin don ta shige cikin riga: dokar ta hana gajarta bakin irin wannan bindiga ƙasa da inci 20. In kuma ta ɓace ko an sace ta, kwana 14 gare ka ka sanar da waɗanda suka ba ka lasisin. Mutane kan ɓoye don tsoron tambayoyi, sai ranar da aka tsinci bindigar a wurin da aka yi ɓarna, lamba ta kawo 'yan sanda ƙofar gidansu.

Baba Sarkin Baka:

Yara, kun yi bayani na ilimi, Allah shi yi muku albarka. Amma wanga shiru da kuke kira rashin damuwa, ba duka na rashin damuwa ba ne. Tsoro ne, kuma mai dalili.

Mutumin ƙauye ya ga abin da anka yi a 2019 lokacin sulhu da ɓarayin daji. Anka ce kowa shi aje makami. Waɗanda ke cikin gari, ana ganinsu, an san ƙofar gidansu, su ne sunka miƙa. Na cikin daji sunka kawo kaɗan gaban kyamara, sunka riƙe sauran. To yanzu ka ce mashi zo ka rubuta sunanka da irin bindigarka cikin rajista, abu biyu za su faɗo mai a rai: ko wagga takarda ita za a bi a amshe, ko kuma ta faɗa hannun infoma, ɓarayi su san gidan da za su fara shiga. Mai wanga tunani ba ya zuwa taro, kuma ba wauta ta hana shi ba.

Sannan a daina cuɗa maharbi da ɗan sa-kai. Maharbi na da sarki, yana da ladabin daji, an san wanda ya koya mai, an san lokacin da ba a fita don namun na da ciki. Ɗan sa-kai wuya ta haife shi, wani nagari ne, wani kuma fansa ta kawo shi. Askarawan tsaron jiha da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024, su 2,645, su kuma suna da kaki da albashi da inuwar gwamnati, don haka tsaurara doka bai tada masu hankali ba. Ga Bafillacen da ke da toka don kura da ɓarawon shanu, wanda ko an kira taro ba ya iya shigowa. Kowa da tashi fargaba.

Rashin rajistar ma yana kisa, wannan kuma dole a faɗa. Abin da ya faru a Tungar Kara nan Zamfara cikin Janairun 2025, inda jirgin soja ya yi wuta kan 'yan banga da mutanen gari da sunka fito bin sawun ɓarayi, ya isa misali. Daga sama, mai bindiga kan babur duk ɗaya ne. In da akwai sananniyar hanya ta sanar da soja cewa mutanenmu kaza sun fita ta hanya kaza, da wani abin an kauce mashi.

Shawarata, rajista ta fara daga gida. Littafi guda, a hannun Sarkin Baka, kwafi guda wurin uban ƙasa, ba a waya ba, ba a guruf ba. Suna, unguwa, irin bindiga, maƙerin da ya yi ta, da mutum biyu da sunka tsaya mai. Wanda anka sani da ƙwaya ko zafin hannu, kada a rubuta shi. Ran da hukuma ta zo, adadi za a fara ba ta, ba sunaye ba, sai an ga abin da za ta bayar.

Kuma tunda ana maganar gyara, mu gyara namu. Toka ba a aje ta da ɗuri cikin ɗaki. Da damina albarushi na shan sanyi, ka ja kunama ta yi shiru, mutum shi juyo bakin shi leƙa, sannan ta tashi. In ta ƙi tashi, a bar bakin na kallon ƙasa nesa da mutane, a jira. A yi wa sandar ɗuri alama daidai inda take tsayawa in bindiga ba komi cikinta, don ɗuri kan ɗuri shi ke fasa baki shi tafi da yatsu. Albarushi kuma nesa da madafa, nesa da yara.

Maman Khalifa, Ƙaura Namoda:

Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Ana magana kamar duk tsaurarawa zalunci ce. Wasu masu bindigar da ke goyon bayanta ba munafunci suke yi ba, sun ga abin da bindiga a hannun wanda bai dace ba ta jawo. Kashe-kashen da aka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba na cikin abin da ya hura wutar nan, kuma kowa a jihar nan ya sani.

Dokar 1959 ɗin ma ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Wane ne ke duba waɗannan a ƙauye? Yaro ɗan shekara 15 na rataye da baushe a bakin kasuwa, idonsa jawur. In ƙungiyarku za ta je gaban hukuma tana cewa kada a taɓa mu kawai, mata da yawa ba za su bi bayanku ba. In kuwa kuka ce a gwada ido, a gwada ƙwaya, a ɗaga shekaru, a tilasta akwatin ajiya mai kwaɗo, sannan a buɗe lasisi ga wanda ya tsallake, za ku sami masu tsaya muku fiye da zatonku.

Malam na Birnin Kebbi:

Rarrabuwar nan ba a kanmu aka fara ba. A Birtaniya, bayan harbin jama'a a garin Hungerford a 1987 aka hana manyan raifil masu sarrafa kansu a 1988. Bayan na Dunblane a 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, aka hana fistol a 1997. Kowane karo, da yawa daga masu bindigar harbin tsuntsu ba su ɗauki faɗan a matsayin nasu ba. Bambancin shi ne can ƙofar lasisi a buɗe take ga wanda ya cancanta. Mu nan a rufe take, kuma wanda ya fi kowa makami ba ya neman lasisi. A ƙasar Zuru, cikin Maris 2022, 'yan sa-kai sama da 60 aka kashe a kwanton ɓauna guda. Toka ce ta gamu da AK-47.

Kan tambaya ta uku: doka a Abuja ake yin ta, don haka zuwa majalisar jiha ɓata takalmi ne, sai dai don neman goyon baya. Ƙudiri kan bi karatu na ɗaya, na biyu, sannan a miƙa wa kwamiti, kuma a matakin kwamitin ne ake zaman jin ra'ayin jama'a. Nan kaɗai talaka ke da kujera. Ana sanar da ranar a jarida, sau da yawa da ɗan gajeren wa'adi, shi ya sa sai an riga an wuce mutanenmu ke ji a rediyo. Haka aka yi ta muhawara kan ƙudirin Uba Sani, lokacin yana sanata, na ƙara tarar naira 1,000 ɗin nan, haka kuma aka sa hannu a 2024 kan dokar da ta ba cibiyar taƙaita ƙananan makamai ta ƙasa, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, cikakken iko. Muryar maharbin Zamfara ko na Kebbi ba ta yi amo a ko ɗaya ba.

Abin yi: ƙungiya ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, don ta sami suna a idon doka. A wakilta mutum ɗaya mai bibiyar ofishin ɗan majalisar tarayya na mazaɓa. A shirya takardar matsaya tun yanzu, shafi biyu ya isa, da Turanci da Hausa. Kada a cika ta da buƙatu goma. Abin da mai toka da mai baki biyu da Maman Khalifa duk za su iya sa wa hannu bai wuce uku ba: a buɗe sabunta tsohon lasisi, a fito da rajistar aji na uku a matakin ƙaramar hukuma da kuɗi kaɗan, a kuma ba da wa'adin afuwa ga wanda ya fito da kansa. Da zarar wani ya ƙara da cewa a ba mu AK-47, rabin ɗakin zai tashi, kwamitin ma ya rufe fayil.

Ɗan Maharba, Talata Mafara:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Barista, saura ɗaya da ake yawan tambaya: mai lasisi ya rasu ya bar baki biyu, magada na iya riƙe ta da littafin marigayin?

Barista na Gusau:

A'a. Lasisin ya bi mai shi. Dokar ta ba wanda kayan marigayin ke hannunsa kwana 14 daga ranar rasuwa ya riƙe ta ba laifi, ka ga tun ba a yi sadakar arba'in ba wa'adin ya wuce. Cikin kwanakin nan a cire harsashi, a kai bindigar da littafin da shaidar rasuwa wurin 'yan sanda, a karɓo rasit irin wanda Sufeto ya bayyana, da sunan magada a jiki. Wajen rabon gado a ƙiyasta kuɗinta a sa cikin lissafi kamar sauran dukiya, rasit ɗin ya zauna hannun wanda ta faɗo wa. Shi ne zai nemi lasisi da sunansa ranar da aka buɗe.